Neman littafi a Saudiyya: wane fihirisi za ka fara buɗewa?

Ɗan yayata bai fi wata huɗu da zuwa karatu Madina ba ya same ni bayan isha'i a farfajiyar Masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, waya a hannu, ransa a ɓace. An ba su aikin bincike, shi kuma ya zaɓi ya yi rubutu a kan malaman ƙasarmu. Ya ce, "Kawu, sau uku ina rubuta sunan Shehu a fihirisin laburare, ko littafi ɗaya bai fito ba. Ashe mutanen nan ba su san shi ba?"

Na karɓi wayar, shafin fihirisin yana buɗe, wato jerin littattafan laburare da ake bincikawa ta suna ko take. Ya rubuta sunan cikakke da haruffan Larabci, yadda muke faɗinsa a gida, har da "Shehu" da "Mujaddadi" a gaba. Na goge duka, na bar kalma ɗaya tak: فودي. Sai ga sunayen littattafai sun jeru, wasu na Shehu Usmanu, wasu na ƙanensa Abdullahi, wasu kuma na waɗanda suka yi rubutu a kansu. Yaron ya yi shiru yana jan allon wayar da yatsa. Can ya ɗago ya ce, "To Kawu, yanzu ina zan je in ɗauko su?"

Wannan tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce kuma ta sa na zauna na yi wannan rubutu. Mu Hausawan da ke ƙasar nan, ɗalibi ne, ko malamin da ya zo Umara da kwana goma a hannunsa, ko haifaffen Makka da kakanninsa suka zo a ƙafa ta Sudan, ko uwar gida da ke haɗa karatu da rainon yara, muna yawan ɗaukar duk shafin da ke da akwatin bincike a matsayin abu ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Mai neman littafi tambaya uku ce ke gabansa: shin akwai littafin, kuma wane bugu ne? A ina yake, kusa da ni ko nesa? Me ke cikinsa? Ban taɓa ganin fihirisin da ke amsa duka ukun daidai ba. Wanda ya san wacce tambaya ce ke damunsa a yau, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Bari in fara da babba. Maktabar Sarki Fahad ta Ƙasa (maktaba ita ce laburare da Larabci) tana Riyad, an kafa ta a 1990, kuma ita ce rumbun ajiyar ƙasa. Akwai dokar ajiya da aka fitar a shekarar 1412 ta Hijira, wadda ta wajabta wa duk mai buga littafi a Saudiyya ya kai mata kwafi. Ɗauki kowane littafi da aka buga a ƙasar nan ka juya shafin da ke bayan take. Za ka ga an rubuta فهرسة مكتبة الملك فهد الوطنية أثناء النشر, a ƙasa kuma ga sunan marubuci, ga yawan shafuka, ga tsawon littafin da santimita, ga lambar Dewey, wato lambar da ake jera littattafai da ita a kanta bisa fanninsu, ga lambar ajiya, ga kuma lambar da suke kira ردمك, wato ISBN. Wannan ɗan akwatin rubutu shi ne katin shaidar littafin, kuma da shi ake gane shi a fihirisinsu na intanet. Don haka in abin da kake nema bugun Riyad ne, ko Jidda, ko Makka, ko Madina, ko Dammam, musamman na shekarun bayan dokar, nan ne wurin da ya fi cancanta ka fara. In bai fito ba, ka sake duba rubutunka kafin ka ce babu.

Amfaninta na biyu ya shafi masu digiri na biyu da na uku kai tsaye. Kundayen bincike na jami'o'in ƙasar suna shiga wurinta, kuma ɗalibin da zai yi rajistar maudu'i yakan nemi takardar da ake kira ifada, wadda ke nuna ko an taɓa yin bincike a kan wannan take. Cibiyar Sarki Faisal ta Bincike da Nazarin Musulunci, ita ma a Riyad, wadda aka kafa a 1983, tana da irin wannan rumbu na kundaye. Shawarata ga ƙannenmu: kada ka jira sai ranar neman ifada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kana saƙa maudu'in a zuciyarka ka shiga fihirisin ka jujjuya kalmomin take ta fuska uku ko huɗu. Na ga wanda ya shafe wata biyu yana tsara bincike a kan wani malamin Malikiyya, har ya kamu da son aikin, sannan aka nuna masa an riga an yi shi shekaru da suka wuce. Rabin awa a fihirisi da ta raba shi da wannan baƙin ciki.

Inda ta gaza a wurinmu abu biyu ne. Na ɗaya nisa: daga Madina zuwa Riyad ya haura kilomita 800, kuma wuri ne na ajiya da karatu a ciki, ba laburaren unguwa ba da za ka ɗauki littafi ka tafi da shi gida. Na biyu, dokar ajiya ba ta hau kan mai buga littafi a Kano, ko Sakkwato, ko Zariya ba, haka ma Alƙahira da Bairut. Abin da aka buga a can sai in an saya ko an ba su kyauta. Littattafan malamanmu kuwa yawancinsu daga can suke fitowa.

A nan ne Fihirisin Larabawa na Bai Ɗaya, الفهرس العربي الموحد, yake shigowa. Maktabar Sarki Abdul'aziz ta Jama'a ce da ke Riyad ta ɗauki nauyinsa, aka ƙaddamar da shi a 2006. Shi ba laburare ba ne, ba shi da kanta ko ɗaya. Taron bayanai ne daga ɗakunan karatu masu yawa na ƙasashen Larabawa da suka shiga cikinsa, kowanne yana zuba abin da ya rubuta game da littattafansa. Fa'idarsa babba ita ce yana nuna maka bugu daban-daban na littafi ɗaya a wuri guda. Ɗauki littafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Infaƙul Maisuri. An buga shi a Landan a 1951, an buga a Alƙahira a 1964, an kuma fitar da shi da tahƙiƙi, wato bayan gwada kwafe-kwafensa na rubutun hannu da tantance nassinsa, a Rabat a 1996. Lambobin shafukansu ba ɗaya ba ne. Idan wani marubuci ya ce ka duba shafi kaza, bai amfane ka da komai ba sai ka san wane bugu yake riƙe da shi. Fihirisin da ya tara ƙasashe da yawa ya fi kusa da nuna maka wannan bambanci fiye da na laburare guda.

Yana kuma taimakawa wajen sanin yadda ma'aikatan fihirisi suke rubuta sunan mutum. Su ba su bin yadda ake kiran malami a gari. Suna fara da abin da ya fi shahara a ƙarshen suna, su yi waƙafi, sannan sunan yanka da na uba. Shehu sai ya koma "ابن فودي، عثمان بن محمد". Mai Risala ya koma ƙarƙashin "القيرواني" ko "ابن أبي زيد". Littafin da muke kira Ahalari tun muna yara a zaure, marubucinsa الأخضري ne, da harafin خ da ض, kuma in ka rubuta shi yadda bakinka ya saba ba za ka same shi ba. Haka Ishmawi, العشماوي ne, Iziyya kuma العزية. Da zarar ka ga sifar sunan da suka tsayar, kwafe ta ka ajiye a waya. Da ita za ka shiga kowane fihirisi na Larabci daga baya.

Amma ga inda nake so a yi hattara, domin nan ne na taɓa ƙonewa. Fihirisin haɗaka yana gaya maka cewa laburare kaza ta rubuta littafin a cikin kayanta. Ba ya rantse maka cewa yau littafin yana kan kanta. Shekarun baya ina neman juzu'i na uku na wani tafsiri, na gan shi a rubuce a wata laburare da ke wani gari. Ban kira ba, ban aika saƙo ba, na yi sammako na hau mota. Na isa bayan azahar, na miƙa wa ma'aikacin takardar da na rubuta lambar kanta a kai. Ya shiga ciki ya jima, ya fito da mujalladi biyu masu koren bango ya ajiye a gabana. Na farko da na biyu. Ya ce iyakar abin da ke wurinsu ke nan. Da na koma na sake karanta bayanin a hankali, sai na ga a wani ɗan layi na ƙasa an rubuta cewa abin da suka mallaka juzu'i na 1 da na 2 ne. Bayanin sama na littafin ne gaba ɗaya, mai juzu'i huɗu. Layin ƙasa shi ne na abin da ke hannunsu. Na sha ruwa a bakin ƙofa, na juyo. Kwana guda da kuɗin mota suka tafi a kan layin da ban karanta ba. Tun daga ranar, in littafi mai mujalladai ne, layin nan nake fara dubawa, sannan in shiga fihirisin ita laburaren kanta in ga ko an rubuta متاح, wato yana nan, ko معار, wato an ara, in kuma duba wane reshe ne, don wasu wuraren sashen maza da na mata ba a gini ɗaya suke ba.

Ga wanda yake Madina, sau da yawa abin da yake nema yana saman kansa bai sani ba. Maktabar Masallacin Annabi, wadda aka kafa a 1352 ta Hijira, tana cikin masallacin ne, kuma ba a tambayar ka kuɗi kafin ka zauna ka yi karatu. Akwai kwamfutoci a ciki da ake bincike da su, akwai ma'aikata da suka san kantocinsu. Tafsiri, hadisi da sharhohinsa, fiƙihun mazhabobi huɗu, sira, nahawu, tarajim: a waɗannan fannoni da wuya ɗalibin digiri na farko ya nemi tushe ya rasa. Ba a fita da littafi, a nan za ka karanta ka mayar. Ni a ganina malamin da ya zo Umara daga Katsina ko Maraɗi da jerin mas'aloli a aljihu ba shi da wurin da ya fi wannan. Ba ya buƙatar katin jami'a, ba ya buƙatar tafiya, tsakanin azahar da la'asar ya isa ya duba abu uku ko huɗu. A Makka ma haka, sai dai a lura da suna: akwai maktabar da ke cikin Masallacin Harami, akwai kuma tsohuwar Maktabar Haramin Makka mai tarin rubuce-rubucen hannu, wadda gininta yake waje da masallacin. In za ka tambayi hanya, bayyana wacce kake nufi. Kuma kada ka je waɗannan wurare neman littafin aikin jinya ko injiniya. Ba don wannan aka tara su ba.

Masu tahƙiƙin rubutun hannu nasu daban ne. A Madina akwai Cibiyar Sarki Abdul'aziz ta Maktabobin Waƙafi, inda aka tattara tsofaffin waƙafai irin maktabar Shaihul Islami Arif Hikmat, wadda ya kafa a 1270 ta Hijira, da Mahmudiyya. Wanda aikinsa bai kai ga gwada kwafe-kwafen rubutun hannu ba, ba lallai ne ya fara ta nan ba.

Sai laburaren jami'a. In kai ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, ko Ummul Ƙura a Makka, ko Jami'ar Imam a Riyad, fihirisin jami'arka yana da abin da duk waɗanda na ambata ba su da shi: littafin da ya nuna maka za ka iya aronsa ka kwana da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Littafin da ka karanta a tsaye cikin gaggawa kafin a rufe ƙofa, da wanda ka buɗe bayan asuba a ɗakinka da shayi a gefe, ba shiga ɗaya suke yi wa zuciya ba. Tare da shi kuma akwai Maktabar Saudiyya ta Intanet, المكتبة الرقمية السعودية, wadda aka buɗe a 2010 don jami'o'in ƙasar. Ita ba sunan littafi kawai take ba ka ba, tana buɗe maka maƙaloli na mujallun ilimi da kundaye da littattafai cikakku, na Larabci da na Turanci, ciki har da rumbun Darul Manzuma da masu karatun shari'a da tarbiyya suke yawan dogaro da shi. Ga mai karatun likitanci ko kwamfuta ko tattalin arziki, wannan ce ƙofa ta farko, sauran duk bayanta suke. Ga 'yar'uwarmu da ke da goyo, wadda fita zuwa laburare sai an yi shiri na musamman, ita ce ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Matsalarta ita ce mabuɗin na jami'a ne. Da sunanka da lambar sirrinka na ɗalibi kake shiga, ran da ka gama kuwa ƙofar za ta iya rufuwa. Saboda haka nake gaya wa masu shirin kammalawa su tattara cikakken bayanin duk abin da suka yi amfani da shi tun suna ciki. Kuma abin yana min ciwo idan na tuna da samarinmu da 'yan matanmu haifaffun Makka da Jidda, masu kaifin ƙwaƙwalwa da Larabci kamar ruwa, waɗanda ba su sami shiga jami'a ba. Su wannan ƙofa ba tasu ba ce. Abin da ya rage musu shi ne fihirisan da ke buɗe ga kowa, da maktabobin Harami, da ɗakunan karatu na jama'a da ke garuruwa, waɗanda suka koma ƙarƙashin Hukumar Maktabobi da aka kafa a 2020.

Yanzu in zo kan wadda kowa ya fi sani, Shamila, manhajar da ta tara nassin littattafan Larabci masu yawa a wuri guda. Kusan babu ɗalibin ilimin addini da ba ta cikin wayarsa ko kwamfutarsa. Kyauta ce, kuma tana yin abin da fihirisi ba ya yi: tana shiga cikin littafin. Ka tuna rabin jumla daga maganar wani malami, ka manta a ina ka gani, ka rubuta, ta fito maka da wuraren da ta zo. Fihirisin laburare ba zai taɓa yi maka wannan ba, domin shi take da suna da maudu'i kawai ya sani. Don haka in tambayarka ita ce "wa ya faɗi wannan, a wane babi?", kada ka wahalar da kanka da wani fihirisi, buɗe Shamila.

Sai dai nassin da ke cikinta mutane ne suka sake shigar da shi, kuma ɗan Adam ajizi ne. Kalma takan faɗi, ɗigo yakan sauya wuri, layi yakan tsallake. Duba katin littafin da ke farkonsa: in an rubuta ترقيم الكتاب موافق للمطبوع, lambobin shafi sun yi daidai da na bugun da aka ambata; in an ce ba su dace ba, kada ka kuskura ka sa wannan lambar shafi a bincikenka. Ko da sun dace ma, maganar da za ka gina hukunci a kanta ka je ka gan ta a takarda ko a hoton littafin. Gani ya kori ji. Sannan Shamila ta fi ƙarfi a tsofaffin littattafan da suka shahara a gabas. Na malaman Sakkwato da Barno da Timbuktu kaɗan ne a ciki idan aka gwada da abin da suka rubuta. Rashin littafi a Shamila ba hujja ba ce cewa babu shi a duniya, kuma na sha jin ƙannenmu suna yanke wannan hukunci.

Hotunan littattafai da ke yawo a Telegram da WhatsApp kuwa, suna fitar da mutum kunya a tsakar dare, ban musa ba. Amma sau da yawa an yanke shafin farko, ba ka san maɗaba'a ba, ba ka san shekara ba. A nan ma fihirisi ne zai cece ka: gwada yawan shafuka da sunan mai tahƙiƙi da abin da fihirisi ya rubuta, sai ka gane bugun. Kuma sabon littafin da marubucinsa yake raye, yana sayarwa a kasuwa, akwai haƙƙinsa a kai. In da hali, saya.

Akwai abu guda da duk fihirisan Larabci suka yi tarayya a kansa, kuma shi ne ya fi kayar da mu: rubutu. Wasu na'urorin bincike suna ɗaukar alif mai hamza da marar hamza abu ɗaya, wasu ba sa yi. Haka ta marbuɗa da ha, haka ya mai ɗigo biyu da alif maƙsura. Kalmar فودي kanta za ka gan ta da ɗigo, ka gan ta babu, ka kuma ga فوديو. Sunan ƙabilarmu ma ba a tsaya a kan rubutu ɗaya ba: الهوسا ya fi yawa a yau, amma tsofaffin littattafai suna da حوس da الحوصة. In tarihinmu kake nema, gwada التكرور, gwada السودان الغربي da بلاد السودان, domin a wurin magabata kalmar Sudan ba ƙasar Khartum kaɗai take nufi ba, ta haɗa da mu. Ƙa'idar da nake bi ita ce in rage kalmomi. Kalma ɗaya baƙuwa daga take ta fi take cikakke kamawa. Cire "Shaikh", cire "Imam", cire "Kitabu". In kana da ISBN, ita ce mafi sauri, ko da yake tsofaffin bugu da yawancin littattafan kasuwar Kurmi ba su da ita.

Lambar kanta ma tana da nata sirrin, kuma wanda ya saba da laburare a Nijeriya zai iya rikicewa. A tsarin Dewey na asali, wanda ya fito a 1876, Musulunci gaba ɗayansa an cusa shi a lamba 297. Ɗakunan karatu na Larabawa suka ga wannan ɗaki ya yi wa ilimin addini kaɗan, suka gyara tsarin. A bugun Saudiyya za ka ga ilimin Alƙur'ani a gidan 220, hadisi a 230, aƙida a 240, fiƙihu a 250, harshen Larabci a 410, adabinsa a 810. Amfanin sanin wannan shi ne, in ka sami littafi ɗaya da ya dace da bukatarka, maƙwabtansa a kanta 'yan'uwansa ne. Je ka tsaya a gaban kantar ka bi ta da ido dama da hagu. Littattafai da dama da suka fi amfanar da ni ba a fihirisi na same su ba, a gefen wanda na je ɗauka na tarar da su. Wannan ne ya sa, duk da son da nake yi wa bincike ta waya, ba na yarda ɗalibi ya shekara bai taka cikin laburare ba.

To littattafan Hausa fa, na boko da na ajami? A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: fihirisan ƙasar nan ba don su aka gina su ba. Za ka sami tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, wadda Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina take bugawa, da ƙananan littattafan wa'azi da na aikin Hajji da aka fassara. Adabi, waƙa, tarihin garuruwa, nahawun Hausa, waɗannan sai ka leƙa WorldCat, fihirisin haɗaka na duniya, inda ɗakunan karatu na Amurka da Ingila da Jamus suka zuba abin da suka tara. Can ma sai ka sassauta rubutu: cire ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, gwada Usman, Usuman da Uthman, gwada Fodio da Fudi. Zai nuna maka akwai littafin, da shekararsa, da maɗaba'arsa, amma kwafin yana iya zama a Landan. Amfanin da za ka ci shi ne ka sami cikakken bayani ka tura wa wani a gida ya nemo maka a Jami'ar Bayero, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko wurin masu littattafai a Sabon Gari. Aike da cikakken suna da shekara ya fi aike da "wani littafi mai jan bango".

Da za a tilasta min in zaɓa wa kowa ƙofa ɗaya, ga yadda zan raba. Ɗalibin jami'a ya fara da fihirisin jami'arsa, don shi kaɗai ne zai ba shi littafi a hannu yau. In babu, ya haura zuwa na haɗaka. Mai shirin rajistar maudu'i ya fara da Maktabar Sarki Fahad. Baƙon Umara da mazaunin da ba shi da katin jami'a su nufi maktabar Harami, su bar ma'aikaci ya taimaka musu, matambayi ba ya ɓata. Mai neman inda wata magana take ya buɗe Shamila, sannan ya tabbatar a bugu. Wanda kuma zai yi tafiya saboda littafi guda, ko da a jirgin ƙasan Haramaini ne da ke haɗa Madina da Makka cikin abin da bai kai awa uku ba, ya kira ko ya aika saƙo tukuna, ya faɗi take da juzu'i da lambar kanta.

Ɗan yayata ya bi wannan hanya. A daren nan muka kwafi sifar sunan Shehu da ta Abdullahi da ta Bello, ya ajiye su a waya. Washegari ya duba fihirisin jami'arsu ya sami biyu daga cikin littattafai biyar da yake so, ya aro su. Na uku ya karanta shi a zaune a wata maktaba, ya kwafi abin da yake buƙata da hannu a littafin rubutunsa. Sauran biyun bugun gida ne. Ya tura wa mahaifiyarsa sunayensu da maɗaba'a da shekara, ita kuma ta ba wani maƙwabcinsu da zai zo Umara a watan Rajab. Ranar da suka iso ya kira ni, ina jin ƙarar leda yana kwancewa, ya ce, "Kawu, sun zo, har da ƙullin yaji Inna ta sako a ciki."